Yadda ake sassaben zamani a gonar hatsi

'Yan uwa manoman Tahoua, tun daga Illela har Keita, kafin damina ta faɗi ku zaga gonarku ku duba kututturan da ke tsirowa, sabara, kalgo, aduwa, magarya, musamman gawo. Kada ku tone su ku ƙone. Saiwarsu tana da rai a ƙasa tuntuni, shi ya sa suke girma da sauri fiye da dashe. Renon waɗannan kututturan su zama itatuwa shi ake kira sassaben zamani, a Maradi aka fara wannan aikin cikin shekarun 1980.

Kowane kututture ka zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi da suka miƙe, sauran ka sare da adda mai kaifi sosai, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kada bawon ya ɓare. A jikin rassan da ka zaɓa, ƙananan rassan ƙasa ka rage su har wajen rabin tsayi, kar ka wuce nan. Abin da aka sare a ba mata su yi girki, ai ya rage musu tafiya daji.

Gawo kam ku riƙe shi da kyau, da damina yake zubar da ganye, baya hana hatsi rana, ga taki a gindinsa, da rani kuma bisashe su ci 'ya'yansa.

Inda aikin ke lalacewa shi ne rashin magana da mutane. Ku zauna da mai gari da makiyaya da masu sare itace tun da wuri a yarda kan abin da ba za a taɓa ba, in kuma dole sai an sare babban gawo a nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna.