Darasi na 7: Shinge Kafin Shuka

Ku leƙa filin makarantar firamaren garinku da azahar a watan Afrilu. Fili fetal, rairayi na ƙona ƙafa, ajin da aka rufa da kwano ya zama tanda. A daidai wannan lokaci almajirai na zaune da allunansu a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, iska na kaɗa su. Karatu a inuwar bishiya tsohon abu ne a wurinmu, makarantar boko ce kawai muka bari a rana.

Tun 2007 ƙasashen Afirka suka ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa bishiyoyi don tare hamada. Kano da Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa, kuma mutanen Maigatari da Ɓaɓura sun san yadda rairayi ke cin gona. Amma dasa bishiyoyi da kafa lambu a filin makarantarmu ba sai mun jira kowa ba.

A wani ƙauye da na koyar, mun dasa bishiyoyi cikin damina, har da taro da jawabi. Suka kama, suka yi kore shar. Da aka gama kaka aka saki dabbobi, cikin mako guda awaki suka bar mana tsinke. Wata dattijuwa ta dubi hedimasta ta ce, "Malam, ai kun kawo amarya ba ku gina mata ɗaki ba."

Saboda haka aikin farko shinge ne. Idan akwai kuɗin waya, to madalla. Idan babu, a yi darni da karan dawa, a bi bayansa da ƙayar magarya. A jikin darnin a kafa aguwa ko bini-da-zugu, domin akuya ba ta cin su, kuma kafin gara ta cinye karan sun zama shinge mai rai. Bishiyar da ba ta cikin shingen lambu kuwa, kowace a yi mata nata keji.

Lokacin dashe shi ne Yuli zuwa farkon Agusta, sa'ad da ruwa ya zauna. A haƙa rami zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a kiyaye. A yage ledar kafin a sa dashen a rami. Mutane da yawa suna binnewa da ita, sai saiwa ta nannaɗe, bishiya ta tsumbure.

Wace bishiya? Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, tana jure fari kuma ba ta rabuwa da ganye, ita ce ta inuwar karatu. Sai dai a nisanta ta da gini kamar taku goma saboda saiwarta. Gawo na da ganye da rani, ya zubar da damina. Zogale da saurin girma, cikin 'yan watanni an fara tsinka. Ni dai ba na ba da shawarar mangwaro sai inda ruwa ke kusa, don yana da ƙishi.

Lambu ma yana son ruwa, shi ya sa ake kafa shi kusa da famfon tuƙa-tuƙa. A ja 'yar hanya daga inda ruwa ke malala zuwa komaye. A fara da alayyafo da yakuwa da rama da kuɓewa. Alayyafo na isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, yara su ga amfanin hannunsu tun ba su gaji ba. A nan malami zai sa su auna tsawon kowane komi, su ƙirga tsiro, su rubuta ranar shuka.

Inda ake faɗuwa shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, da kuma lokacin hutu. Kwamitin makaranta ya zauna da mai unguwa a raba komaye ga gidajen da ke kusa, musamman mata. Wanda ya yi ban ruwa ya ci rabi, rabi a sayar a sayi alli da iri. A gindin kowace ƙaramar bishiya a binne tsohon tulu, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Zai riƙa tsatsafowa a hankali har kwanaki.

Aikin yi

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: shinge, darni, dashe, komi, inuwa.

An dasa bishiya 12, kowace na shan bokiti 2 a mako. Bokiti nawa ake bukata a mako 4? Idan gida 6 suka raba aikin daidai, bishiya nawa kowane gida zai kula da ita?

Kafin darasi na gaba, je ka auna da taku daga famfon makarantarku zuwa inda kake ganin ya dace da lambu, ka rubuto adadin.