In DC ta faɗi, ga yadda ma'aikata za su ci gaba da shiga kwamfutocinsu

'Yan uwa masu kula da netwok a ofisoshi da makarantun Zariya, in dai DC (Domain Controller) ɗinku ƙwaya ɗaya ce tal, wato sabar da ke riƙe da Active Directory, rumbun akawun ɗin ma'aikata, tana tantance suna da kalmar sirri, to ranar da ta mutu aiki ya tsaya cak. Kar ka ruɗu don wasu sun samu shiga, Windows ce ke ajiye shiga 10 na ƙarshe a kan kwamfutar, amma sabon ma'aikaci ba zai shiga ba, folda da firinta ma za su fara gardama.

Maganin dai DC ta biyu ne. Ba sai mai tsada ba, ka sa mata Windows Server, ka ɗaga ta zuwa DC, ka tabbata ka zaɓi DNS (mai juya sunan kwamfuta zuwa adireshinta) da Global Catalog (jadawalin neman abubuwan da ke cikin Active Directory) wajen saitin.

Nan ne fa mutane da yawa ke zamewa, sun kafa ta biyun amma kwamfutoci ba su san da zamanta ba, saboda ta DNS suke nemo DC, in adireshin saba ta farko kaɗai ke cikinsu to ta biyun tana nan tana shan wuta a banza. Ka shiga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ka sa adireshin duka biyun a matsayin DNS, kuma don Allah kar ka sa 8.8.8.8, wato DNS ɗin Google, a gurbin na biyu, Google bai san domen ɗinka ba, sai a yi ta cewa wai netwok ne alhali saiti ne. Shi kansa DHCP ɗin in a kan ta farko yake, tun Windows Server 2012 ana iya haɗa saba biyu su riƙa karɓar juna.

Kar ka ɗora su kan inji guda ko inbata guda. Mun san halin wutarmu, ga zafin Maris da Afrilu ga ƙurar hunturu, in da hali ma ɗaki daban.

Agogo ma ka lura, Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yarda bambancin agogon kwamfuta da na DC ya wuce minti 5.

In ta farkon ta mutu murus, akwai ayyukan FSMO guda 5, wato ayyuka na musamman da DC ɗaya ce kawai ke riƙe da kowanne, ka duba inda suke da umarnin netdom query fsmo, sannan ka ƙwato su zuwa mai rai da ntdsutil. Amma in gyaran awa kaɗan ne ka haƙura, don in ka ƙwace, tsohuwar ba ta komawa netwok sai an goge ta an sake sabon zubi.

Duk mako ka buga repadmin /replsummary da dcdiag ka ga suna musayar bayanai. Sannan wata Asabar da ba kowa, ka kashe ta farko da hannunka, ka ƙirƙiri sabon akawun a ta biyu ka gwada shiga da shi a kwamfutar wani ofis, in ya ƙi to ka koma ka duba DNS.