Daga Birnin Kebbi Zuwa Abuja Ko Jidda: Inda Ake Kuskure a Lissafin Tafiyar Jirgi

Kuskuren da ya fi rikita mutanenmu, musamman iyalan alhazai, shi ne na agogo. Lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin da ake magana a kai ne: na tashi agogon Najeriya, na sauka agogon Saudiyya. Saudiyya kuwa tana gabanmu da awa 2. To, idan jirgi ya tashi daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa da ƙarfe 8 na safe, ya sauka Jidda da ƙarfe 3 na rana, awa 5 aka yi a sama, ba 7 ba. A dawowa abin juyewa yake yi: a bar Jidda ƙarfe 8, a iso gida ƙarfe 11, sai ka ji ana cewa awa 3 kacal aka yi. Gyaran ba wuya. Ka mayar da lokutan biyu agogo ɗaya tukuna, sannan ka ɗebe. Abin yana damuna, don da irin wannan lissafi ne 'yan tarbo daga Zuru ko Yawuri kan wuni a bakin filin jirgi, ko su iso bayan Hajiya ta gaji da jira.

Wasu kuma kan ɗauki nisan hanyar mota su auna jirgi da shi. Birnin Kebbi zuwa Abuja a miƙe kusan kilomita 500 ne, amma ta Jega da Yawuri da Kontagora ya haura 600. A duba ma'aunin ma, domin wani lokaci mil ake rubutawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Sai masu raba nisa da gudun jirgi. Babban jirgi yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, sai mutum ya ce ashe minti 35 ya isa Abuja. Wannan gudu sai jirgi ya gama hawa ya daidaita yake kai shi. Akwai tafiya a ƙasa kafin tashi, akwai hawa, akwai sassautawa kafin sauka, shi ya sa tafiyar ke kaiwa wajen awa guda. Kuma ba kullum ake bin miƙaƙƙiyar hanya ba. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Mai taro a Abuja da azahar kada ya dogara da awa gudan nan. Ya haɗa da zuwa filin jirgi da wuri don awon kaya da bincike, da jiran jaka, da tafiyar kusan kilomita 40 daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa cikin gari. In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan hana jirgi sauka gaba ɗaya, don haka gara ya tafi tun ana gobe.