Yadda ake aikin bibiyar gulbi da tabki a nan Maradi

Ƙannenmu masu zuwa istaj, wato koyon aiki, daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kusan tambaya guda suke mini, wai yaya, mi ake dubawa a gulbin da ya fi rabin shekara ba ruwa cikinshi, sai rairayi da yara masu ƙwallo. To bari in rubuta sau guda kowa ya karanta, na gaji da maimaitawa a bayan babur.

Ka fara sanin gulbin kanshi, wato gulbin Maradi. Daga wajen Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya inda aka yi mashi dam, ya shigo ƙasarmu ya ratsa Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ke nan ruwan da ke zuwa ba lalle a kanka aka yi shi ba, sai ka ga sama garau ba ko gajimare amma ruwa ya taho ja wur da itace da shara, don can kudu aka kwana ana tafkawa. Cikin Yuli da Agusta kar ka tsaya tsakiyar gulbi kana latsa portabul, kuma in ruwa ya wuce gwiwa ka yi awonka daga kan gada ko daga gaɓa.

Kafin ka auna komi, gaisuwa. Ka je ofishin ma'aikatan gandun daji da takardar izininka, daga nan wurin mai gari, daga nan sarkin ruwa in wurin akwai masunta. In ka tsallake su ka fara ɗaukar hoto da auna ƙasa, kafin azahar labari ya zagaye gari wai an zo ƙwace fadama. Su ne kuma za su faɗa maka inda bai kamata ka je ba, musamman wajen iyaka da dajin Baban Rafi yadda lamarin tsaro yake yanzu. Kar ka tafi kai kaɗai, ka dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

Kayan ba su da yawa. Kaye, wato littafin rubutu, mai bango mai ƙarfi da fensir, ban da bik don ruwa na taɓa shi rubutun ya narke. Igiyar awo, sanda mai alamar santimita, ma'aunin zafi, rariya, kwalabe masu tsabta, takalman roba dogaye, portabul mai GPS cike da caji. Faifan auna duhun ruwa kuwa kai ma ka iya yin naka, murfin bokitin fenti ka yanke shi faɗin santimita 20, ka raba huɗu ka shafa fari da baƙi, ka ɗaura ƙarfe a ƙasa da igiya a sama.

Zaɓen wuri shi ne inda mutane ke ɓata aiki. Ka ɗauki tsawon mita 100 na gulbi, kuma wurin nan za ka riƙa komawa duk zuwa, a lokaci guda, da safe to kullum da safe. Alamarka ta zama abin da ba ya tashi, ƙafar gada ko babban gawo ko tsamiya. Shekarata ta farko turke na kafa na shafa mashi jan fenti ina jin ni gwani, da na dawo bayan sati biyu na neme shi na rasa, ashe yana wani gida an ɗaure akuya da shi, mai gidan har godiya ya yi mini wai icce mai kyau. Awon wata guda ya tashi a banza don ban san daidai inda na tsaya ba.

Gudun ruwa: ka auna mita 10 a gaɓa, ka jefa ƙwallon goruba sama da farkon awon, ka ƙirga sakan nawa ya yi kafin ya kai ƙarshe. Sau uku za ka yi ka ɗauki tsaka-tsaki. In ya yi sakan 20 to rabin mita ke nan a sakan guda, sai ka ninka da 0.8 don ruwan sama ya fi na ƙasa sauri. Ka auna faɗi, ka auna zurfi wuri biyar ko shida daga gaɓa zuwa gaɓa ka ɗauki tsaka-tsaki, faɗi sau zurfi sau gudu shi ne yawan ruwan da ke wucewa. Faifan nan kuma a tabki ya fi amfani, ka saukar da shi sannu har ya ɓace maka, ka rubuta tsawon igiyar. A gulbi cikin Agusta ruwan kamar kunu yake, kana tsoma shi ya ɓace, amma ka rubuta hakan ma.

Abin da ya sa nake nanata lokaci guda, iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa da asuba ta fi ƙaranci, don ciyawar ruwa ta kwana tana janta, da rana kuma ta ƙaru. Zafin ruwa ma haka yake sauyawa. Wanda ya auna yau ƙarfe 7 gobe ƙarfe 2 ba abin da zai kwatanta.

Sai gaɓa. Daga gindin iccen alamarka zuwa bakin gaɓa mita nawa, duk zuwa ka sake aunawa, nan za ka ga zaizaya da idonka. Ka ƙirga itatuwa da kututturan da aka sare sabo, ka rubuta in akwai masu ɗibar rairayi ko masu bulo, injin ban ruwa nawa ke ja, da kwalaben maganin feshi da aka yar bakin lambu.

Kifi ba kai za ka kama ba, ka yi sammako wurin da masunta ke fitowa ka nemi izini ka auna tsawon tarwaɗa da ƙarfasa, ka dubi idon koma yatsa nawa ke shiga. Ka tambayi tsofaffi wane kifi suka daina gani. Ka sa rariya cikin bado da kainuwa ka ga ƙwarin da ke ciki, in ka ga ƙananan dodon koɗi da yawa ka tuna su ke ɗauke da tsargiya, shi ya sa na ce takalman roba, ba gayu ba ne.

Tabkin Madarunfa ya shiga jerin wuraren Ramsar, wato wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya, a 2019, kuma tsakiyar Janairu ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a duniya, lokacin hazo da ɗari. Kirinjijiya in sun yi garke ba a bin su ɗaya-ɗaya, ka ƙirga goma ka riƙe girmansu a ido ka riƙa ninkawa. Ranar da ka fara ganin shamuwa ma ka rubuta ta.

Da rani aikin bai ƙare ba. Ka rubuta ranar da gulbi ya daina gudu da ranar da kududdufin ƙarshe ya ƙafe, ka tona rairayi a tsakiya ka ga santimita nawa kafin ruwa ya tsatso, ka auna rijiyar lambu guda duk wata. In ka duba ba ka ga komi ba ka sa 0, in ba ka duba ba ka bar layin fili ka faɗi dalili, abu biyu ne daban kuma mai haɗa rahoto a ofis ba zai iya raba su ba in ka cakuɗa. Da dare ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa shugaban aikinka ta WhatsApp da zarar ka samu rezo, kaye ka sa shi cikin leda biyu kafin ka hau babur.