Wanke hannu kafin taɓa majinyaci

Ke 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a Damagaram, hannunmu ne ke kai cuta daga gado zuwa gado, musamman ga jariri da ƙwarinsa bai yi ba.

Ki cire zobe da agogo tukuna. Ki jiƙa hannu, ki sa sabulu, ki murza tafin hannu da bayansa, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce, nan datti ke ɓuya. Daƙiƙa 40 zuwa 60 ake buƙata.

In famfo ya ɗauke, kamar yadda yakan yi mana lokacin bazara, wata ta zuba miki daga buta, kada ki tsoma a kwano.

Ki goge da abu mai tsabta, kafin majinyaci na gaba ki sake.