Sana'ar hoton biki a Kebbi da Zamfara: yadda za ka riƙe ta har ta tsaya da ƙafarta

Hoton biki ba a maimaita shi. Da liman ya shafa fatiha, ko amarya ta fito daga ɗaki lulluɓe da mayafi, wannan lokacin ya wuce ke nan, kuma abin da kyamararka ta kama shi kaɗai za ka kai wa masu biki. Don haka duk tsarin sana'ar, tun daga kayan da za ka saya har kuɗin da za ka yanka, yana tafiya ne a kan abu uku: kada hoto ya salwanta, kada ya makara, kada kuma ya faɗa hannun wanda ba a yarda ya gani ba.

Fara da kaya, amma kada ka zuba duk jarinka a jikin kyamara. Canon, Nikon ko Sony ta hannu mai megafiksel 24 ta isa aikin biki da buga babban firem. Kafin ka biya, ka duba adadin hotunan da aka taɓa ɗauka da ita, domin ƙananan kyamarori galibi an ƙiyasta musu kamar ɗauka 100,000 ne kafin marfin cikinsu ya fara gajiya. Ka haska fitilar waya cikin lensi, wato gilashin gaban kyamara, ka duba ko akwai wani zare-zare fari kamar saƙar gizo. Wannan fumfuna ce, tana rage kaifin hoto, gyaranta kuma da tsada. Idan kana da zaɓi, ɗauki kyamara mai ramin memori biyu, ka saita ta tana rubuta kowane hoto a duka biyun. Lensin 18-55 da ake sayar da kyamara da shi yana aiki da rana, amma da magariba ta yi sai ya gaza, saboda ba ya buɗewa sosai. Ƙara lensin 50mm f/1.8, shi ne mafi arha cikin lensin da ke shan haske da yawa (lambar da ke bayan f ita ce buɗin lensi, ƙarama tana nufin ya buɗe sosai, babba kuma ya tsuke). A tsakar gida mai ƙunci kuwa, inda ba ka da wurin ja da baya, 35mm ya fi shi amfani. Sai filash na ɗorawa guda ɗaya, irin na Godox, da batir uku na kyamara, da memori huɗu masu 32GB ko 64GB maimakon babba guda ɗaya, don idan ɗaya ya lalace ba duk bikin ne ya tafi ba. Jabun memori ya yi yawa a kasuwa. Duk sabon da ka saya, ka cika shi da fayil har bakinsa a kwamfuta, ka buɗe ka ga komai yana nan, kafin ka yarda ka kai shi wurin aiki. Kuma kada ka je biki da kyamara ɗaya tak. Idan ba ka da ta biyu, yi haya ko ka aro wurin abokin sana'a, ko da tsohuwa ce.

Yanayin ƙasarmu yana cin kaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, lokacin ne kuma ƙurar hunturu take tashi. Kada ka canza lensi a fili. Shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamara, ka juya bakinta ƙasa. Daren jajibirin aiki ka ɗauki hoton farin bango a f/16, idan ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe to ƙura ta zauna a ciki, sai ka hure ta da ƙaramin famfon roba na iska, ban da baki, ban da gefen riga. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Gusau da Birnin Kebbi, kuma but ɗin mota da ke tsaye a rana yana kashe batir, yana sassauta robar jikin kyamara. Da damina, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Yauri, ka ajiye lensi a akwati mai rufewa ruf tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi. Wuta kuwa ba abin dogaro ba ce, caji ya kammala tun daren jiya.

Inda masu hoto suka fi faɗuwa shi ne wurin ɗaurin aure, domin gajere ne kuma hasken lokacin mugu ne. Tsakanin neman aure daga wakilin ango, amsawar waliyyi, ambaton sadaki da fatiha, mintuna kaɗan ne. Ka isa da wuri ka tambayi inda liman da waliyyai za su zauna, ka nemi izini idan cikin masallaci ne, ka tsaya gefe inda za ka ga fuskoki da hannuwa, ba bayan kawuna ba. Idan an fito waje, sau da yawa bayan Juma'a ne, rana tana tsakiyar ka, kowa kuma sanye da farar shadda. Abu biyu ke faruwa. Ko dai kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskoki su yi duhu, ko kai ka ƙara haske don fuska, aikin wuyan babbar riga ya ƙone ya zama fari fat, alhali ango ya kashe kuɗi a kan wannan ɗinkin kuma zai neme shi a hoto. Mafita ita ce ka auna haskenka a kan rigar, ka kunna alamar da ke ƙyaftawa a allo idan wuri ya ƙone, sannan ka cike fuska da filash mai rangwamen ƙarfi. A tsakar rana ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 100, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, buɗi wajen f/11 wuri ne mai kyau na farawa. Kada saurinka ya wuce 1/200 ko 1/250 da filash na yau da kullum, in ba haka ba za ka ga baƙin layi ya yanke rabin hoto. Duk inda ka samu inuwar bango ko ta dalbejiya, ja ango da abokansa can. Kuma ka ɗauka a RAW koyaushe, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, domin a nan ne ake iya ceto farin da ya kusa ƙonewa da fuskar da ta yi duhu. JPEG, wato matsattsen hoto irin wanda aka saba turawa, ba ya ba ka wannan sararin.

Hoton jama'a yana da nasa kuskuren. Wanda ya saba da f/1.8 don bayan hoto ya narke, sai ya manta ya bar ta haka a kan sahu uku, na gaba su fito tsaf, na baya su dushe, kuma galibi a cikin na bayan ne ake samun wanda ya biya kuɗin. Sahu biyu ko uku yana son f/5.6 zuwa f/8, ka danna sau uku ko huɗu saboda mai ƙyafta ido. Tun kafin ranar ka zauna da babban abokin ango ka rubuta waɗanda dole a ɗauka: iyaye, baffanni, kawunai, mai unguwa ko hakimi idan zai halarta. Dattijo ba a kiransa da hannu daga nesa. Ka matsa kusa ka rusuna ka ce, "Baba, don Allah a ɗan matso nan kusa da ango," aiki sai ya tafi lafiya.

Wajen mata wata duniya ce, kuma nan ne mafi yawan hotunan da za a yi ta kallo suke: sa lalle, kamu, wuni, buɗar kai. Zamfara da Kebbi jihohin shari'a ne, gidaje da yawa kuma ba sa yarda namiji baƙo ya shiga cikin mata, wasu ko ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya ba za a bar shi ya leƙa ba. Wannan hakkinsu ne, a tambaya tun ranar ciniki. Mai hoton da ya koya wa mace aiki, ƙanwarsa ce ko matarsa ko ma'aikaciya, ya ba ta kyamara ta biyu, ya buɗe wa kansa ƙofar da abokan sana'arsa ba su da ita. Mata masu son shiga sana'ar su sani wannan gurbin nasu ne, kuma har yanzu bai cika ba. A wajen kamu, rumfar haya mai launin ja ko shuɗi tana zuba launinta a fuska da lace, don haka a fito da amarya bakin rumfa inda hasken sarari yake, ko a rinjayi launin da filash. A ɗauki hannun lalle da awarwaro da ɗaurin ɗankwali tun kafin zufa ta taɓa kwalliya. Bayan la'asar sakaliya haske yana da daɗi amma ba ya jimawa, duk hoton amarya ita kaɗai a gama shi kafin kiran magariba.

A zauren dina, fitilun ado na LED suna ƙyaftawa daidai da wutar Nijeriya mai bugu 50 a daƙiƙa. Idan ka ga ratsi-ratsi a kwance cikin hoto, sauko da sauri zuwa 1/100 ko 1/50, ka kashe ɗaukar shiru ta lantarki. Kada ka harba filash kai tsaye a fuskar da aka yi wa hoda, tana sa goshi ƙyalli. Ka juya shi sama ya daki farin silin ya dawo a tausashe. Idan silin ɗin ya yi nisa ko mai launi ne, ɗora filash a sanda da ƙaramar lema, yaronka ya riƙe a gefe.

Da ka dawo gida, kafin ka ci abinci ka kwafe. Hoton RAW ɗaya na megafiksel 24 yana kai wajen 25MB zuwa 30MB, ke nan biki mai hoto 2,000 zai ci 50GB ko fiye. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, memorin kuma kada a goge shi sai an miƙa aiki. In ka tashi gogewa, ka yi a cikin kyamarar. A wajen gyara, ka tace tukuna, ka fitar da 300 zuwa 400 masu kyau, ka daidaita haske da launi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Ka guji wanke fatar amarya har ta zama wata daban. Fuska ta yi fari, wuya da hannu su zauna yadda suke, dangin ango kuma sun san wadda suka auro. Cire ƙurji da ƙyallin zufa ya isa. Ka tura guda goma cikin kwana ɗaya ko biyu, lokacin da ɗokin biki bai huce ba. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, sai a matsayin fayil yake isa da ingancinsa. Google Drive na kyauta 15GB ne, ya isa miƙa JPEG na biki ɗaya ko biyu. Na bugawa kuma, hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar fiksel 2,400 da 3,000 don ya fito da kaifi, kada ka kai wa mai bugawa wanda aka sauke daga waya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ke rufe yawancin masu hoto, ba rashin iya ɗauka ba. Kafin ka faɗi farashi, lissafa mai ko kuɗin mota, ladan mataimaki, data, man janareta na kwanakin gyara, albam da firem, da kwanakin da za ka zauna gaban kwamfuta. Sannan ka sa tsufan kaya: kyamara mai ɗauka 100,000, idan kowane biki yana cin 2,000, biki 50 ke nan, don haka raba kuɗin kyamarar zuwa gida 50 ka riƙa ware kashi ɗaya daga kowane aiki, a asusu daban ko a adashi. Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, sai da shi rana take zama taka, ragowar kuma kafin ka miƙa cikakkun hotuna. Wanda ya karɓi hotunansa duka, biyan sauran ya koma sai ya ga dama, ga shi kuma biki ya riga ya tatse aljihu. Ko ɗan'uwa ne, yi masa ragi a fili amma a rubuta. Rubutun ba sai na lauya ba, saƙon waya da ya amsa da "na yarda" ya wadatar, muddin ya ƙunshi waɗanne taruka za a ɗauka, kwana nawa, hoto nawa za a gyara, girman albam, ranar miƙawa, wa zai biya mota da masauki idan wajen gari ne, da abin da zai faru idan an ɗaga biki. Aikin ƙauye ko na wani gari, musamman a hanyoyin Zamfara, ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, ka sa kwana a cikin lissafi, kada ka yi tafiyar dare da kaya ko babu kaya.

A cikin wannan rubutacciyar yarjejeniyar dole a sa maganar sakawa a intanet. Amarya da ango ne ke da ikon cewa a saka ko kada a saka, kuma izinin amarya bai shafi ƙawayenta da matan aure da suka fito a bayanta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, amma tun kafin doka, hoto ɗaya da ya fita ba da izini ba ya isa ya rufe maka ƙofar zuri'a guda da duk maƙwabtansu. Ka sa wa kwamfutarka kalmar sirri, kada yaran shago su riƙa kwasa a wayoyinsu. Bidiyon liƙi ma a yi hattara da shi: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira, har da watsa ta a wajen biki, kuma a 2024 an gurfanar da wasu sanannun mutane a kan haka.

Sabon aiki yawanci daga bakin mata yake zuwa. Mai kwalliya, mai lalle, mai ɗinki da mai ƙawata wuri sun san ranar biki tun kafin a tuna da mai hoto. Ka riƙa ba su hotunan aikinsu kyauta, bayan amarya ta yarda, su kuma za su ambaci sunanka. Idan ciniki ya fara kankama, yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan, domin makarantu da ofisoshi sun fi sakin aiki ga mai takarda. Bukukuwa suna cunkushewa kafin azumi, bayan sallah da ƙarshen shekara, su yi sauƙi a Ramadan da tsakiyar damina. Wannan gibin ana cike shi da bikin suna, walimar saukar Alƙur'ani, hoton fasfo, da bikin yaye ɗalibai a wurare irin su Jami'ar Tarayya ta Gusau, kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko ta Ƙaura Namoda. Mai aiki a yankin Zuru ya koyi tsarin auren coci ma, domin jerin abubuwansa da wuraren tsayuwarsa daban ne. Idan ribar farko ta taru, sayi kyamara ta biyu da faifan ajiya kafin ka yi tunanin jirgin ɗaukar hoto ko kama babban shago, kuma kada ka karɓi biki biyu a rana ɗaya sai kana da wanda ya bi ka aiki sau da yawa, ka zauna ka duba hotunansa ɗaya bayan ɗaya ka gamsu.