Yadda na gyara tafiyar mai fura a katun ɗina

Wallahi aikin ƙarshen zangon nan ya kusa haukata ni. Katun na zana a FlipaClip, manhajar zana katun a waya, wata mai tallan fura da nono tana wucewa ta bakin kasuwar Wunti, sakan 10 kacal, amma duk sanda na kunna sai ƙafafunta su riƙa zamewa kamar mai tafiya kan santsi, ƙwaryar kanta kuma sai rawar sanyi take yi.

Da farko na zata wayata ce, har hotunan bikin yayata na goge a banza.

Ashe laifina ne, ba na duba zanen baya. Na kunna abin nan mai nuna inuwar firem ɗin da ya wuce (firem shi ne kowane zane ɗaya a jerin zanen da ke haɗa motsin), na ja layin ƙasa ɗaya, na ɗiga alama inda diddigenta zai sauka, ƙafar da ta taka ƙasa ba ta motsi sai ɗayar ta wuce ta. Ƙwaryar kuma sau ɗaya na zana ta a leya daban, wato shimfiɗar zane tata ita kaɗai, ina kwafa. Sannan na sauko daga firem 24 a sakan zuwa 12, zane 120 maimakon 240, yatsana ya huta.

Gyalenta dai har yanzu yana ɗan karkarwa, na bar shi, kowa cewa yake iska ce.